Darasin Yau: Yi wa Majinyaci Rajista a Manhajar Asibiti

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman ma'aikatan lafiya da ke aiki a ƙananan asibitocin karkara na Jihar Jigawa, daga yankin Gumel har zuwa Birnin Kudu. Darasinmu na yau ya shafi aikin da mutane da yawa suke rainawa, wato shigar da sunan majinyaci a kwamfuta ranar da ya fara zuwa.

Kamfanonin da suke ƙera manhaja domin likitoci da asibitoci sun gina ta ne a kan ƙa'ida guda: kowane majinyaci yana da lamba ɗaya da fayil ɗaya, inda ake tara sakamakon gwajinsa, magungunan da aka rubuta masa da waɗanda jikinsa ba ya karɓa. Sai dai manhaja haruffa kawai take gani, ba ta san cewa Dije da Hadiza da Khadija suna iya zama mace ɗaya ba, ko kuma Mamman na watan jiya shi ne Muhammadu na yau. A wurinmu ma akwai wani ƙarin al'amari, domin uwa takan yi alkunya ta ƙi ambaton sunan ɗanta na fari, ta ba ku laƙabi, ranar da uban ya kawo yaron kuma ya faɗi sunan yanka.

Saboda haka, kafin ku buɗe sabon fayil, ku fara bincikawa. Ku nemi katin asibiti, idan an baro shi a gida ku gwada lambar waya, sannan ku rubuta haruffan farko na sunan tare da sunan ƙauye da na maigida. Idan uwa ta yi shiru, ku tambayi wadda ta rako ta cikin ladabi, ba sai kun tilasta mata ba.

Ku duba illar sakaci a nan. Mai juna biyu ta zo awo, aka ba ta Fansidar domin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, jikinta ya yi ƙuraje, aka rubuta hakan a fayil ɗinta. Bayan shekara biyu ta dawo da wani cikin, ma'aikaci ya yi gaggawa ya buɗe mata sabon fayil, wanda babu wannan gargaɗin a cikinsa. Haka kuma rahoton wata-wata da ake turawa zuwa DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take kula da ita kuma Najeriya take tattara alƙaluman lafiya da ita, zai iya ƙirga majinyaci ɗaya a matsayin biyu idan aka buɗe masa fayil biyu.

Batun shekaru ya fi sauƙi. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ku tambaye shi da wani abin da kowa ya sani, misali ko an haife shi kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sannan ku nuna cewa ƙiyasi ne a gurbin da manhajar ta tanada.

Abu na ƙarshe shi ne kalmar sirri. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, kuma manhajar tana adana sunan duk wanda ya buɗe fayil. Idan kun ara wa abokin aiki kalmarku, duk abin da ya shigar, da sunanku zai fito.