Amsoshin Tambayoyinku: Iyo, Keke da Gudu Bayan Shekara Arba'in

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da dawowa kashi na biyu na Amsoshin Tambayoyinku, daga nan Legas. Likita na nan tare da mu, Koci ma ga shi a hannun damana. Lokaci ya ja, saƙonni kuma sun yi tsibi, sai mu yi sauri.

Wani matashi daga Obalende yana cewa, wai mece ce tirayatalon ɗin nan da ake ta ambata tun makon jiya? Ɗan'uwa, tsere uku ne a haɗe. Ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka zuba da gudu, babu hutu a tsakani. Ko takalmi kake sauyawa agogo na tafiya. A San Diyego ta Amurka aka fara ta a 1974, ta shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000.

Wata Hajiya daga Idi-Araba ta ce, mata na yi kuwa? Suna yi, Hajiya, kuma akwai kayan iyo masu rufe jiki. Ki dai tambayi masu shirya gasar dokar sutura kafin ki biya kuɗin rajista.

To, ga wadda za mu zauna a kanta, domin saƙonni da dama irinta ne. Wani Alhaji, dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, ya rubuto: "Shekarata 48. Rabona da gudu tun ina makarantar sakandare. Na ga tallar gasar a Facebook, saura wata biyu, zuciyata ta kwaɗaitu. Iyo ba matsala, a kududdufin garinmu na tashi. Tumbi dai ya ɗan fito. In shiga ko in haƙura?" Alhaji, ka ce ya ɗan fito. Mu da muka san dillalan Mile 12 da shayin safe da tuwon dare, mun san ma'anar "ɗan" ɗin nan. Allah ya ƙara buɗi. Likita, shekara 48, babu atisaye, saura wata biyu.

Likita: To, da farko ina jinjina masa. Yawancin mutanenmu sai ciwo ya kwantar da su suke tuna jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, amma ka duba rayuwarmu a nan: daga gida sai danfo, daga danfo sai benci a rumfa, ga lemon kwalba, ga gishiri da dunƙule a miya. Hawan jini kuma ba ya sallama. Mutum na yawo da shi shekaru, kansa ko ciwo ba ya yi...

Mai gabatarwa: Likita, ya shiga ko kada ya shiga?

Likita: Ina zuwa. Akwai binciken da aka wallafa a Amurka a 2017, wanda ya bi diddigin wannan gasa daga 1985 zuwa 2016. An samu mutum 135 da suka rasu ko zuciyarsu ta tsaya. A cikinsu, 90 a ruwa abin ya same su. Mafi yawansu maza ne, shekarunsu kuma in an daidaita kusan 47. Ba ina tsorata shi ba ne, don in ka lissafa da yawan masu shiga, abin bai kai mutum 2 cikin 100,000 ba. Amma ka ga sa'o'in Alhaji ne.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda ke cikin hayaniyar kasuwa. Ba a gudu aka fi faɗuwa ba, ba a kan keke ba. A ruwa ne. Me ya sa, Likita?

Likita: Saboda da iyo ake farawa. Ana busa usur, mutane da yawa su afka ruwa lokaci guda, wannan ya shure ka, wancan ya taka ka, zuciya na bugawa da ƙarfi saboda fargaba tun kafin a yi nisa. In a gudu ne ƙirji ya riƙe ka, sai ka tsaya ka zauna a gefen titi, a gan ka. A tsakiyar ruwa ina za ka zauna? Kafin a lura, a fito da kai, lokaci ya tafi. Don haka kafin ya sayi ko takalmi, ya je a auna jininsa, a duba suga, a yi masa gwajin bugun zuciya. Ya faɗa wa likitansa gaskiya: in ya hau bene yana haki? Ƙirji na masa nauyi? Ya taɓa jin jiri ko suma? Akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a danginsu? In akwai ko ɗaya, maganar gasa ta dakata tukuna.

Mai gabatarwa: Koci, ya ce a kududdufi ya koyi iyo.

Koci: Allah sarki. Iyon kududdufi ka tsallaka taku ashirin ne ka kama gaɓa, kai a sama, ana dariya. Gajeren zangon wannan gasa mita 750 ne a ruwa, sai kilomita 20 a keke, sai gudun kilomita 5. A kwamin iyo mai tsawon mita 50, irin na filin wasa na ƙasa da ke Surulere, tsallakawa 15 ke nan ba tsayawa. Na Olamfik ninki biyu ne: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Kada ma a yi zancen dogon zangon nan da ake kira Ironman, wanda aka fara a Hawai a 1978, mai iyon kilomita 3.8, keken kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42 a kai. Ni abin da ke damuna ma keke ne. A Legas ina za ka tuƙa keke da rana? Danfo ba ya ganinka, tirela ba ta ganinka. Sai dai asubar Lahadi, cikin ayari, da hular kwano. Kuma ranar da ka fara sauka daga keke ka ce za ka gudu, ƙafafun nan sai ka ji kamar an ɗaura musu buhun masara. Dole a saba musu: keke minti talatin, a sauka, a ɗan sassarfa minti biyar...

Mai gabatarwa: Koci, wata biyun fa?

Koci: Ba za su isa ba. Ya ba kansa wata shida. Watan farko tafiyar ƙafa kawai bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, sai ya riƙa cakuɗawa da sassarfa. Iyo kuma a kwami, gaban mai koyarwa, sau biyu a mako, har ya iya sa fuska a ruwa yana fitar da numfashi ba tare da ya firgita ba. Kada ya ce zai gwada kansa a bakin teku. Igiyar ruwan tekun Legas tana jan gwani ma. In ana ba da dama a shiga mutum uku, kowa ya ɗauki zango ɗaya, ya fara da wannan.

Mai gabatarwa: Alhaji, ka ji. Asibiti tukuna, sannan kwamin iyo, sannan gajeren zango, kuma ba wannan gasar ta wata biyu ba. Ni a ra'ayina kada ka haƙura, ko kusa. Ina so in ga mutanenmu a waɗannan wurare, ba kallo kaɗai ba. Amma ka bar gaggawa, kana da iyali. Gudun fanfalaki na Legas da ake yi tun 2016 yana da zangon kilomita 10. Ka fara auna kanka a can. Kuma ku masu shiga don abokai sun yi muku dariya a majalisa, ku ji tsoron Allah. Ranar da abu ya faru, ba su za su riƙe muku gida ba.

Saura minti biyu. Wani Malam daga Agege: ana atisaye da azumi? Likita, a taƙaice.

Likita: Mai sauƙi, bayan buɗa-baki, a sha ruwa sosai. Mai ciwon suga ya ga likitansa tukuna.

Mai gabatarwa: Wani daga Alaba Rago na tambaya ko sai da keken tsere mai tsada. Koci na girgiza kai. Na hannu ma ya isa, in dai birki na ci kuma tsayinsa ya dace da kai. Mai tambaya kan ciwon gwiwa, da ke 'yar'uwa daga Ojo, mun riƙe naku sai mako mai zuwa, da su za mu buɗe in Allah ya kai mu. Alhaji na Mile 12, in ka dawo daga asibiti ka rubuto mana abin da aka ce. Likita, Koci, mun gode. Ga labarai nan tafe, a huta lafiya.