Sharhi: A auna Mussolini da takardar da ya wallafa da kansa

Jama'a masu sauraro, a watan Maris na 2019 Antonio Tajani, wanda a lokacin yake shugabantar Majalisar Tarayyar Turai, ya faɗa a wani gidan rediyon Italiya cewa Benito Mussolini, tsohon shugaban mulkin kama-karya na Italiya, ya yi abubuwan kirki, ya gina hanyoyi da gadoji, in aka ɗauke yaƙi da dokokin wariya da kisan ɗan adawa. Ya ba da haƙuri daga baya, amma maganar ba ta mutu ba, domin har yau ana jin masu cewa Mussolini ko ba komai in ya faɗa yakan cika. Wannan ikirari ne ya dame ni, kuma ba sai na ari bakin abokan gabarsa ba kafin in rushe shi, takardarsa kaɗai ta isa.

A ranar 23 ga Maris 1919 ya kafa ƙungiyar 'yan Fasist a birnin Milan, a watan Yuni kuma jaridarsa ta buga manufofinta. An yi alkawarin ba mata ƙuri'a, da aikin awa 8 a rana, da mafi ƙarancin albashi, da sa wakilan ma'aikata cikin tafiyar da masana'antu, da haraji mai nauyi a kan jarin masu kuɗi, da ƙwace kashi 85 cikin 100 na ribar da 'yan kwangila suka ci a yaƙi, da ƙwace kadarorin ƙungiyoyin coci, da rushe majalisar dattawa. Ba wanda ya tilasta shi, shi ya wallafa.

To, ya hau mulki a Oktoban 1922, ba da rinjayen ƙuri'a ba, Sarki Victor Emmanuel na Uku ne ya kira shi ya naɗa, shi kuwa ya iso Roma a jirgin ƙasa yana cikin ɗakin kwana, yayin da magoya bayansa ke jiƙewa da ruwan sama a wajen gari. Mai alkawarin tatsar masu kuɗi, gwamnatinsa ce ta soke harajin gado tsakanin dangi na kusa a 1923. Mai alkawarin ba ma'aikata murya a masana'antu, shi ne ya haramta yajin aiki a 1926, bayan an riga an ba ƙungiyoyin ƙwadago na jam'iyyarsa kaɗai ikon zama da masu masana'antu, kuma a 1927 aka zaftare albashi don a kare darajar kuɗin lira. Majalisar dattawan da ya ce zai rushe ta ci gaba da zama, Sarki yana naɗa mambobinta, wadda talakawa ke zaɓa ce aka shafe a 1939. Cocin da ya ce zai ƙwace wa dukiya, a 1929 ya ƙulla yarjejeniya da Fadar Fafaroma ya biya ta lira miliyan 750 lakadan, da takardun lamuni na lira biliyan 1.

Batun mata kuwa ya fi kowanne cin rai, saboda akwai rainin hankali a cikinsa. A 1925 aka yi doka da ta ba wasu mata damar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, a shekarar da ta biyo baya kuma aka soke zaɓen ƙananan hukumomin ɗungurungum, aka koma naɗa shugabanninsu daga sama. An ba su da hannun dama, an karɓe da na hagu, kafin ko mace ɗaya ta ga akwatin zaɓe.

Masu kare shi sukan ce ai ya busar da fadamu, jiragen ƙasa kuma suna zuwa a kan lokaci. Ina da shakka a kan labarin jiragen, domin a ƙasar da aka rufe bakin jaridu babu mai buga cewa jirgi ya makara. Ko da ma gaskiya ne, wace gwamnati ce za ta shekara 20 ba ta gina gada ba? Gada ba ta biyan diyyar Giacomo Matteotti, ɗan majalisar da ya tashi a Mayun 1924 ya tona maguɗin zaɓe, aka sace shi aka kashe ranar 10 ga Yuni, Mussolini kuma ya tsaya gaban majalisa a Janairun 1925 ya ce shi ya ɗauki alhakin siyasa na duk abin da ya faru, ya san babu mai iya taɓa shi.

A wajen Italiya ma halin bai sauya ba, kuma nan ne abin ya zo kusa da mu. A Maris 1937 ya hau doki a Tarabulus ta Libiya, ya ɗaga wani takobi da aka kira Takobin Musulunci, ana yi masa kirari da mai kare Musulmi. Gwamnatinsa ce fa ta rataye Shehu Umar Mukhtar, jagoran masu yaƙi da mulkin mallakar Italiya a Libiya, ranar 16 ga Satumba 1931 a gaban dubban mutanensa, bayan ta kora kimanin mutum 100,000 na gabashin Libiya zuwa sansanoni cikin hamada, inda yunwa da cuta suka kashe dubun-dubata. A Habasha, wadda ya ce zai kai wa wayewa a 1935, iska mai guba jiragensa suka yi ta zubawa. A 1932 ya shaida wa wani ɗan jarida cewa babu ƙiyayyar Yahudawa a Italiya, a 1938 ya kore su daga makarantu da aikin gwamnati. Wannan ne mai faɗa da cikawa?

Ya yi wa Italiyawa alkawarin daula, har ya sa matan aure suka cire zobban zinarensu suka bayar a Disamban 1935, daular kuma ta ruguje cikin 'yan shekaru. An harbe shi ranar 28 ga Afrilu 1945, aka rataye gawarsa a Milan, birnin da aka buga waccan takarda. Matan Italiya sun jefa ƙuri'arsu ta farko a 1946, shekara guda bayan mutuwarsa.