Yadda Manhaja Take Fahimtar Abin da Aka Rubuta Mata a Layin Umarni

Ku dubi wannan umarni da ke kan allo: sort -r -o sakamako.txt "jerin sunaye.txt". Wanda ya rubuta shi yana son a jera layukan wani fayil bisa tsarin haruffa, amma daga ƙarshe zuwa farko, a zuba sakamakon a wani fayil na dabam. Sai dai manhajar sort ba ta taɓa ganin wannan layi kamar yadda muke ganinsa ba, domin kafin ta tashi aiki, wata manhajar ta riga ta yanyanka shi.

Wannan manhaja ita ce shel, irin su bash da zsh, wadda take karɓar abin da mutum ya buga. Ita ce take raba layin gida-gida a duk inda ta ga tazara, ita ce kuma take lura da alamar zancen wani, ta bar "jerin sunaye.txt" a matsayin abu guda duk da tazarar da ke tsakiyarsa, sannan ta cire alamar ta yar. Idan da akwai alamar tauraro (*) a cikin layin, ita ce za ta maye gurbinsa da sunayen fayilolin da ke cikin foldar. Bayan ta gama, sai ta miƙa wa tsarin gudanar da kwamfuta jerin guntaye biyar ta hanyar kiran da ake ce wa execve.

A harshen rubuta manhaja na C, waɗannan guntaye suna isowa ne cikin wani jeri mai suna argv, adadinsu kuma yana cikin wata ma'ajiya mai suna argc, wanda a misalinmu biyar ne. Guntu na farko, mai lamba 0, bisa al'ada sunan manhajar ne da kanta, sauran huɗun kuma su biyo baya. A Python, jerin nan ne ake samu a sys.argv.

A nan ne ya kamata mu dakata. Babu wata shaida a jikin guntayen da take nuna cewa wannan zaɓi ne, wancan kuma sunan fayil ne, dukkansu haruffa ne tsagwaronsu. Karan ɗorin da ke gaban -r ba shi da wani matsayi na musamman a wurin kwamfuta. Yarjejeniya ce kawai tsakanin masu rubuta manhaja, kuma a farkon zamanin tsarin gudanar da kwamfuta na Unix kowa da irin tasa hanyar, abin da ya sa har yau manhajar tar take karɓar xvf ba tare da karan ɗori ba, dd take amfani da if= da of=, find kuma take da dogayen kalmomi masu karan ɗori guda kamar -name.

Don a rage wannan ruɗani aka samar da getopt, wani ɗan aikin C mai tantance zaɓuɓɓuka, a Unix, kamfanin AT&T ya saki rubutunta ga jama'a a 1985, daga baya kuma ta shiga ƙa'idojin POSIX, waɗanda tsare-tsare irin na Unix suke bi. Mai rubuta manhaja yana ba ta gajeren jerin haruffa, a ce "ro:". Harafin r shi kaɗai yana nufin zaɓi ne da ba ya buƙatar komai, ruwa biyun da ke bayan o kuwa yana nufin dole ne wani abu ya biyo shi. Sai manhajar ta riƙa kiran getopt tana maimaitawa. A kira na farko za ta dawo da r. A na biyu za ta dawo da o, ta haɗiye guntun da ke biye, wato sakamako.txt, ta ajiye shi a wata ma'ajiya mai suna optarg. A na uku, da yake babu sauran zaɓi, za ta dawo da -1, ta bar wani manuni mai suna optind yana nuna inda sunayen fayiloli suka fara. Da za ta ci karo da harafin da ba a sanar da ita ba, alamar tambaya za ta dawo da ita. Wannan tsari ne ya sa -r -o da -ro suke zama abu ɗaya.

Shirin GNU na samar da manhajojin kyauta ya ƙara getopt_long, wadda ta kawo dogayen zaɓuɓɓuka masu karan ɗori biyu kamar --reverse, ta kuma yarda a sa zaɓi ko a bayan sunan fayil, sai dai idan an kunna saitin POSIXLY_CORRECT, wanda yake tilasta bin ƙa'idar POSIX sau da ƙafa.

To, me zai faru idan sunan fayil ɗin kansa ya fara da karan ɗori? A ce a cikin folda akwai fayil mai suna -rf, mutum ya buga rm, wato umarnin goge fayil, da tauraro da nufin goge fayiloli kawai. Shel za ta jera sunayen duka, har da -rf, ta miƙa. Ita kuwa rm ba ta da hanyar sanin cewa daga tauraro wannan guntu ya fito, saboda haka za ta ɗauke shi a matsayin umarnin goge har da foldoji da duk abin da ke cikinsu ba tare da tambaya ba. Maganin shi ne karan ɗori biyu su kaɗai, wato --, waɗanda suke shaida wa manhaja cewa zaɓuɓɓuka sun ƙare, duk abin da ya biyo baya suna ne. A ganina, duk wanda yake rubuta umarnin da zai karɓi sunayen da ba shi ya zaɓe su ba, wajibi ne ya saba da sa wannan alama.

A Windows lamarin ya sha bamban, domin layin yana isa ga manhaja a dunƙule, ita ce take yanka shi da kanta, don haka manhajoji biyu suna iya fahimtar alamar zancen wani ta hanyoyi biyu.

Hatta zaton cewa guntu mai lamba 0 kullum yana nan ya taɓa jawo babbar ɓarna. A watan Janairun 2022, kamfanin Qualys ya bayyana wata kafar tsaro a manhajar pkexec ta Linux, mai ba da damar gudanar da umarni da ikon wani, wadda take nan tun 2009. A lokacin, manhajar takan fara karatu daga guntu mai lamba 1 ba tare da ta duba argc ba, alhali execve tana barin a tashi manhaja da jerin da babu komai a cikinsa. Idan aka yi haka, sai ta zarce iyakar jerin ta faɗa cikin bayanan muhalli, wato saituttukan da ake miƙa wa manhaja tare da jerin, da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya ba kowane mai amfani da kwamfutar damar samun cikakken ikon shugaban tsarin. An gyara pkexec, sannan daga Linux 5.18 aka sa ƙwayar tsarin, wato kernel, ta riƙa cusa guntu marar haruffa a gurbin lamba 0 duk lokacin da aka turo jerin fanko.