Yadda Matafiyin Zamani Ke Zama Abin Bauta a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Jama'a, barkanmu da yamma. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani Bagirke mai suna Yuhemeras ya ce allolin Girka asalinsu sarakuna ne da aka girmama har aka koma bauta musu. Masu rubuta labaran tafiya cikin zamani sun ɗauki wannan tunani, sai suka cire sarkin suka sa baƙon da ya zo daga gaba.

Dabarar ba ta tsayuwa sai marubuci ya samo wa kowace siffar abin bautar dalili na yau da kullum. Ku dubi labarin marubuci Poul Anderson na 1983 a kan Odin, babban abin bautar mutanen arewacin Turai na dā. Wani malami ya koma ƙarni na huɗu don nazarin ƙabilar Got, wata tsohuwar ƙabila ta Turai. Yakan ziyarce su, ya tsallake shekaru da na'urarsa ta tafiya cikin zamani, ya sake ɓullowa. A wajensa lokaci kaɗan ne. A wajensu kuwa, kaka ya gan shi, jika ya gan shi, fuskarsa ba ta canja ba. Ga malafa mai faɗi, ga mashi a hannu, ga sanin abin da zai faru gobe. Me za su kira shi? Babu wanda ya yi wauta a nan, hankali ne ya kai su. Marubuci mara ƙwarewa shi ne ke ba baƙo tocila ya haska, mutane su zube ƙasa, kamar mutanen da ba su da kai.

Sai sarƙaƙiyar da ke biyo baya. Tatsuniyar da malamin ya karanta ta ce Odin ne ya bayyana a fadar sarki Ermanarik ya ce a jefe 'yan'uwa biyu da duwatsu. Tunda shi ne Odin, dole ya aikata, ko da yake 'yan'uwan nan biyu jininsa ne.

Inda ake tuntuɓe shi ne asalin ilimi. A shirin Doctor Who na BBC, a 1965, jarumin Girka Akilis ya ɗauki Dakta, matafiyin zamanin shirin, a matsayin Ziyus, babban allan Girkawa, daga baya Dakta ya ba Girkawa shawarar dokin katakon da suka ɓoye a ciki suka ci birnin Tiroyi da yaƙi. Shi kuma daga tatsuniyar ya san dokin. To wa ya ƙirƙiro shi? Idan marubuci bai yanke tun farko ko tarihi yana canjuwa ko ba ya canjuwa ba, a babi na goma mai karatu zai kama shi yana warware dokar da ya kafa a babi na biyu.