Kujera ta Biyu a Benci: Shekara 40 na Chris Dailey

Assalamu alaikum. Malamaina, abokan aiki masu horarwa, iyayenmu mata da suka samu zuwa, da ku 'yan matan da ke can baya sanye da kayan atisaye, barkanku da yamma. Na gode da wannan dama.

Da aka ce in yi magana a kan aikin horar da 'yan wasa, na san da yawa sun zaci zan kawo labarin wani babban koci, irin wanda ake ɗagawa sama ranar cin kofi. To, ni yau kujera ta biyu na zaɓa. Idan kuna kallon ƙwallon kwando a talabijin, ku bar mai tsaye yana ɗaga murya, ku dubi wadda ke zaune kusa da kujerarsa, da takarda a cinya, tana rubutu. Ita nake nufi.

Sunanta Chris Dailey. 'Yar jihar New Jersey ce a Amurka. Ta yi wasa a Jami'ar Rutgers, tana cikin kyaftin-kyaftin ɗin ƙungiyar da ta doke Texas da maki 83 da 77 ta ɗauki kofin ƙasa a 1982. Ku riƙe wannan shekara, domin lokacin wasan mata a jami'o'in Amurka bai daɗe da tashi tsaye ba. A 1972 ne aka yi dokar da ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta nuna bambanci tsakanin mace da namiji, kuma daga nan ne aka fara samun tallafin karatu na wasanni ga 'yan mata da yawa. Su Dailey su ne sahun farko da suka ci moriyarta.

A 1985 Jami'ar Connecticut ta ɗauki wani matashi, Geno Auriemma, ya zama kocin mata. Shi kansa mataimaki ne a Jami'ar Virginia kafin nan. Ya nemi Dailey, wadda ke aikin mataimakiya a Rutgers, ta zo su yi aiki tare. Abin da suka tarar ba abin alfahari ba ne. A duk tarihin ƙungiyar, sau ɗaya tak ta taɓa gama kaka da nasara fiye da rashin nasara. Garin Storrs, inda jami'ar take, ƙauye ne, tsohon zauren wasan yana yoyo idan an yi ruwa. Kakar farko sun ci wasa 12, an ci su 15.

Shekara 10 bayan nan, a 1995, suka buga wasa 35 ba a ci su ko ɗaya ba, suka ɗauki kofin ƙasa. Daga nan abin ya zama kamar ruwan Agusta. Zuwa Afrilun 2025, da suka doke South Carolina 82 da 59 a Tampa, kofuna 12 ke nan. Akwai lokacin da suka ci wasa 111 a jere, daga 2014 zuwa 2017. Kuma a duk waɗannan shekaru, daga ranar farko har kofi na 12, mace ɗaya ce a kujera ta biyu.

Tambayar da na san tana ranku ita ce: me take yi? Bari in tsaya a nan, don nan ne naman maganar yake.

Na farko, ita ke zuwa farautar 'yan wasa. A tsarin Amurka jami'a ba ta jiran yarinya ta kawo kanta. Mataimakiya ce za ta yini a zauren wata sakandare mai nisa, a kan katako mai tauri, tana kallon yarinya 'yar shekara 16. Ba yawan makin da ta ci kawai take dubawa ba. Tana duba fuskarta idan an cire ta an zaunar, tana duba ko za ta tafa wa wadda ta maye gurbinta, tana duba yadda take amsa wa uwarta bayan an tashi. Sannan ta shiga gidansu ta zauna da iyaye, domin su ne za su ba da amanar 'yarsu na shekara 4.

Wannan na san shi da kaina, ko da yake a ƙaramin mataki. Na yi shekaru ina mataimaki a wata sakandaren 'yan mata. Wata rana muka samu gayyatar gasa a wata jiha, mahaifin doguwar 'yar wasanmu ya ce ba za ta je ba. Babban koci ya ce in je. Na tarar da shi a zaure bayan la'asar, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, na zo ne a kan maganar 'yarka." Ya ce, "Malam, ba wasan nake ƙi ba. Wa zai kwana a ƙofar ɗakinsu?" Na gaya masa sunayen malamai mata biyu da za su bi su, da inda za a sauka, da sa'ar da mota za ta dawo. Ya yi shiru, ya ce in rubuta masa. Na rubuta a bayan takardar jadawalin atisaye, ya ninke ya sa a aljihu. Ta je. Babu wanda ya ga wannan a fili, amma ba don zaman zauren nan ba da ba mu da mai tare ƙwallo a ƙarƙashin kwando.

Na biyu, Dailey ita ce ke horar da dogayen 'yan wasan da ke fafatawa a gindin kwando. Rebecca Lobo ta bi ta hannunta, Kara Wolters mai tsawon ƙafa 6 da inci 7 ta bi ta hannunta, Tina Charles ma haka. Aikin nan ba shi da armashin kallo. Ajiye ƙafa ne: ki kafa ta hagu, ki juya a kanta, ki rufe abokiyar hamayya da bayanki, ki ɗaga hannu ki nemi ƙwallo. A sake. A sake. Mataimakiya tana tsaye riƙe da wani abu mai kama da matashin kai tana bugun kafaɗar yarinya da shi, don ta saba da cin maki ana ture ta. Sau ɗari a mako, shekara da shekaru.

Sai na uku, wanda ya fi ba ni sha'awa: tarbiyya. An san Dailey da ƙa'idoji. Riga a cikin wando lokacin atisaye. Ba jan farce a ranar wasa. Ba danna waya idan ƙungiya ta zauna cin abinci. Wani zai ce ina ruwan jan farce da jefa ƙwallo? Ni a ganina ruwansu ɗaya. Yarinyar da ta saba kiyaye ƙaramin abu ba tare da an sa mata ido ba, ita ce za ta tuna wadda aka ce ta tsare idan saura daƙiƙa 5 a tashi, ƙafafunta na rawa don gajiya. Geno mutum ne mai zafin baki, yana tsawa, yana tsokana. Dole a samu wadda za ta bi yarinyar bayan atisaye ta fassara mata abin da tsawar take nufi. Kuma dole a samu wadda za ta shiga ofis ta rufe ƙofa ta ce masa, yau ka wuce gona da iri. Mu da muka tashi muna jin labarin sarki da waziri ba ma buƙatar dogon bayani a nan.

Kada wani ya ce ai ta zauna ne don ba za ta iya jan ragama ba. An gwada. A 1989 an dakatar da Geno na wasu wasanni saboda kuskuren jadawali, ita ta jagoranci ƙungiyar ta ci musu kofin gasar yankinsu na farko a tarihi. A 1997 mahaifinsa ya rasu, ta sake jagoranta, ta sake cin kofin. A 2021 korona ta kama shi gab da gasar ƙasa, ta ci wasanni biyun farko kafin ya dawo. A 2018 an sa sunanta a zauren girmamawa na ƙwallon kwandon mata. Ta iya. Ta zaɓi ta zauna ne.

Ba ina cewa kowa ya zauna ba. Daga benci guda ɗin nan Shea Ralph ta tashi a 2021 ta zama babbar koci a Jami'ar Vanderbilt. Jamelle Elliott ta tafi Cincinnati a 2009, ta yi shekara 9, daga baya ta dawo gida. Amma akwai labarin da ke taɓa mini zuciya. Holly Warlick ta yi shekara 27 tana mataimakiyar babbar koci Pat Summitt a Jami'ar Tennessee, tare suka ci kofuna 8. Da ciwon mantuwa ya kama Summitt ta sauka a 2012, Warlick ta hau kujerar. Ta ci wasa 172, an ci ta 67. A ko'ina wannan abin yabo ne. A Tennessee, inda ake auna ta da uwar ɗakinta, bai isa ba, aka sallame ta a 2019. Aikin nan biyu ne daban, kuma ban yarda a ce na biyu ɗakin jira ne kawai na na farko ba.

Mu ma a nan gida mun ci albarkacin wannan kujera. Rena Wakama, wadda aka haifa a North Carolina, iyayenta 'yan jihar Ribas, tana aikin mataimakiya ne a jami'o'in Amurka lokacin da aka ba ta D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Najeriya, a 2023. Mutane da yawa suka ce wace ce ita, ba ta taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. Cikin 'yan makonni ta kai mu Kigali, muka doke Senegal 84 da 74, ta zama mace ta farko da ta ci kofin Afirka a matsayin koci. A wasannin Olamfik na 2024 a Faransa muka doke Ostireliya, muka doke Kanada, muka kai zagayen kwata fainal, inda wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa kaiwa ba. Nazarin bidiyon abokan hamayya da dare, da sanin halin kowace yarinya, da iya magana da wadda aka zaunar, duk a kujera ta biyu ta koye su.

Malam mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Ina da sauran magana a kan yadda ake shirya rahoton abokan hamayya, amma mu bar shi zuwa atisayen gobe da safe, can zan nuna muku a fili da allo. Ga wata 'yata can a baya, mai koren hijabi, tun ɗazu hannunta yake sama. A miƙa mata makirufo.