"Je Ka Ɗauko Takalminka": Lacca Kan Renon Ƙananan Yara

(An rubuto daga muryar da aka naɗa a taron iyaye na wata makarantar Islamiyya. Addu'ar buɗe taro ba ta shiga ba.)

...wa barakatuhu. Ana ji na a baya? To madalla. Masu goyo, kada wadda ta fita don ɗanta ya yi kuka, ku yi zamanku. Ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita don kada ya wahalar da uwar. To laccata ba ta fi sallah ba. In kukan ya yi yawa ni ce zan taƙaita.

An ce in yi magana kan renon yara ƙanana, daga haihuwa zuwa shekara biyar ko shida. Abu biyar na rubuto a 'yar takardar nan: ci, barci, kuka, gaskiya, sai waya.

Na farko, ci. Wannan kun sha ji a wurin awo, ba zan daɗe ba. Wata 6 na farko nono zalla, ko ruwa ba a ba shi. Na san kaka za ta ce, "A zafin nan na watan Afrilu za ku kashe min jika da ƙishirwa." Iya, yawancin nonon nan ruwa ne, kuma ya fi na randa tsabta. Bayan wata 6 a fara kunu mai kauri, a sa gyaɗa, a ba shi ƙwai, wake, ɗan ganye, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 233. Abu ɗaya nake roƙo, a daina ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara hannu a baki ana zuba kunu yana shure-shure. Kunun nan in ya bi hanyar iska huhu za shi, kuma ana rasa yara ta nan. Ɗan shekara biyu yau yana son taliya, gobe ya ga taliya ya juya kai, jibi ya tashe ki da asuba yana kukan taliya. Haka suke. Ki ajiye masa, in ya ƙi ki ɗauke, anjima ki sake kawowa.

Na biyu, barci. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini, har da na rana. Mu kuwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare yaro yana tsakar gida yana tsalle, da safe a ce ya cika rigima. Ba rigima ba ce, barci ne bai ishe shi ba. A sa gidan sauro. Shi ke nan na biyu.

Bari in tsallaka zuwa na huɗu, don gaskiya shi ne ya kawo ni, sauran rakiya suka yi masa.

Wa bai san wannan ba? Uwa ta yi wanka, ta sa mayafi, ta rataya jaka. Yaro ya ƙanƙame zaninta, sai ya bi ta. Sai ta ce, "To, je ka ɗauko takalminka." (dariya) Kun ga, tun ban ƙarasa ba kuna dariya, don da wadda aka yi wa da wadda ta yi duk suna nan. Yaro ya ruga ɗaki da murna, ya samo ƙafa ɗaya, ya leƙa ƙarƙashin gado ya jawo ɗayar, ya sa na hagu a dama, ya fito yana "Umma, na sa!" Tsakar gida ba kowa. Ƙyauren yana ɗan motsi. Ya tsaya. Ku da kuka taɓa zama a gida lokacin da aka yi haka kun san irin kukan da ke biyo baya, ba irin kukan yunwa ba ne.

Ita kuwa tana cikin a-daidaita-sahu tana jin daɗi ta yi dabara. To gobe fa? Gobe ko banɗaki za ki shiga sai ya bi ki. Kin tashi ɗauko ludayi, ya tashi. Kin taɓa mayafi don ki gyara shi, ya fasa ihu. Sai ki ce, "Wannan yaro ƙulafucin uwa ya yi masa yawa." Ke kika koya masa cewa in ya ɗauke ido daga kanki ɓacewa za ki yi. Yaron nan lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Ba takalmi kaɗai ba. Goron Sallah: "Kawo in ajiye maka." (dariya) Akwai masu furfura a ɗakin nan da har yau suna bin iyayensu bashin goron Sallah. Sai "yi shiru, gobe zan sayo maka keke." Sai "in Babanka ya dawo zai kai ka ganin jirgi." Sai a dunƙule hannu ba komai a ciki, "zo ka karɓa," don kawai a kama shi a yi masa wanka.

A kan wannan dunƙule hannun akwai hadisi, kuma ina mamakin yadda ba a cika karanta shi a wa'azi ba. Abu Dawud ne ya ruwaito, daga Abdullahi ɗan Amir, Allah ya ƙara masa yarda. Ya ce yana yaro, Manzon Allah yana zaune a gidansu, sai mahaifiyarsa ta kira shi ta ce ya zo ta ba shi wani abu. Annabi ya tambaye ta me take nufin ba shi. Ta ce dabino. Sai ya ce mata da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Ku duba fa. Ba ciniki ba ne, ba shaida gaban alƙali ba ce, uwa ce da ɗanta a cikin gida, maganar dabino. Amma an buɗe littafi. To mu namu littafin, tsakanin takalmi da keke da jirgi, shafi nawa ya cika? Allah ya yafe mana. (Amin)

Kuma abin dariyar, mu ne za mu zo ranar da ya kai shekara bakwai, ya fasa kofi ya ce mage ce, mu ɗauko bulala: "A gidan uban wa ka koyi ƙarya?" Malam, a gidanka. Ranar da mai bin ka bashi ya yi sallama ka ce wa yaro, "Je ka ce ba na nan," ya fita ya ce, "Baba ya ce wai ba ya nan," (dariya) a ranar ya yi maka gaskiya, ka mare shi. Ya gane karatun. Karo na gaba ba zai yi kuskure ba.

Wata za ta ce, to Malama, tatsuniya fa, ba ƙarya ba ce? A'a. Ku ji yadda kakanninmu suka tsara ta. Kafin a fara sai an ce "ga ta nan, ga ta nanku," yara su ce "ta zo mu ji ta." An yi yarjejeniya ke nan, kowa ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi. In an gama a ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san a sanar da yaro inda wasa ya fara da inda ya ƙare. Ku yi musu tatsuniya, don Allah, ta kusa ɓata a gidajenmu.

Ina nake? Yauwa. Akwai ƙaryar tsoratarwa, ita ta fi ba ni haushi. Dodo, mun san shi. Amma yanzu dodo ya yi ritaya, an maye gurbinsa da allura. "Ka yi shiru ko in kira mai allura." "In ba ka ci ba likita zai tsira maka allura." To ranar da zazzaɓi ya kama shi da damina, ranar da dole sai an tsaga yatsa an gwada jini, mutum uku ne za su danne shi, ma'aikaciyar tana gumi, ke kina jin kunya. Kin mayar da mai taimakonsa abin tsoro. Allurar ƙyanda da ake yi a wata 9 ba ya tunawa da ita, amma maganarki yana tunawa. Ki faɗa masa yadda abin yake: "Za ta yi zafi kaɗan, ina riƙe da kai, yanzu za a gama."

Ga wadda ta fi haɗari: a ɗauko magani a ce, "Sha, alewa ce." Kada ku ƙara. Yaron da aka gaya wa ƙwaya alewa ce, ranar da ya hau kujera ya tarar da maganin hawan jinin kakarsa a kan taga, alewa zai gani. Magani sunansa magani, kuma a ɗaga shi inda hannu ba ya kai. Haka kananzir ko fiya-fiya a robar lemo, wannan ma ƙarya ce kika yi masa ba da baki ba.

To me za a yi? In za ki fita ki durƙusa, ki dube shi, ki ce, "Unguwa za ni, yau ba da kai ba. Kana tare da Yaya. Zan dawo bayan la'asar." Kada ki ce ƙarfe huɗu, bai san ƙarfe huɗu ba, amma yana jin ladan. Zai yi kuka? Zai yi mana! Ba na zo in ce muku ba zai yi ba. Zai yi, ya yi birgima, ki yi masa sallama ki tafi. Amma in la'asar ta yi ya gan ki, gobe ma ya gan ki, wata rana za ki ce za ki fita ya ɗaga miki hannu ko juyowa bai yi ba, har ke ki ji haushi. Sharaɗin dai ki dawo lokacin da kika ce. In biki ya riƙe ki har isha, ki ba shi haƙuri. E, haƙuri, uwa tana ba ɗa haƙuri, ba abin da zai ragu a jikinki.

Iyaye maza da ke can gefen taga, na ga kuna gyaɗa kai kamar ba da ku ake ba. "Bari Babanku ya dawo," ku ma an mayar da ku mai allura, kuma wasunku na jin daɗin muƙamin. Kana sallama gida ya yi tsit, kana ganin kwarjini ne. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Na san da kara, na san da kunyar ɗan fari, ni ma a cikinta na tashi. Amma in baƙi sun tafi, ɗauki ɗanka.

Na nawa muke, na uku? An ce saura minti biyar. To waya, da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaro daga bakin mutane yake koyon magana, wanda zai ce "ba" a amsa masa "ba me?" Maganar kuka kuwa mun taɓo ta a hanya. Akwai tambaya? Ga hannu can. A miƙa mata.

(Mai tambaya: Malama, Allah ya saka da alheri. Ɗana ya kai wata ashirin, surukata ta ce bayan Sallah za a kai mata shi ƙauye ta yaye shi, a shafa abu mai ɗaci a nono, kuma kada ya gan ni sai ya manta. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyinta.)

To 'yata, kin kawo babba. Da farko kada ki raina Hajiya. A zamaninsu kaka tana gida ɗaya da jika ko gidan da ke kusa, yana kwana a bayanta tun yana jariri, in an kai mata yaye wurin wadda ya sani aka kai shi. Shi naki sau nawa ya gan ta? (ta amsa, ba a ji ba) Kin ji. To a rana ɗaya za a raba shi da nono, da uwa, da ɗakin da ya sani, a canza masa ruwa da abinci. Shi ya sa wasu ke dawowa daga yaye a rame, da gudawa, a ce ai haka yaye yake. Ba dole ba ne.

Ki fara tun yanzu, a hankali. Rage na rana tukuna, ki maye da abinci, ki bar na dare ya zama na ƙarshe. In ya nema ki ce, "Sai dare," kuma in dare ya yi ki ba shi. Maganar Hajiya kuwa ba ke za ki kai ta ba, ɗanta ne zai kai. Ya je da kansa, ba ta waya ba, ya ce, "Hajiya, muna roƙo ki zo ki yi mana kwana biyu a yi yayen a gabanki." Girmanta yana nan, ita ce dai ta yaye jikanta. In ba za ta iya zuwa ba, ku tafi tare, ki kwana a wani ɗakin, da rana yana ganinki. Maigidan naki yana nan? Wane ne? Mai farar hula? To Malam, ka ji aikinka. Ku same ni ku biyun bayan an tashi, akwai yadda ake faɗa wa tsohuwa magana.