Makunni mai juyawa: yadda ake zaɓensa da haɗa shi a sintesaiza

Ku dubi wannan makunnin da ke hannuna. In aka murɗa shi sai ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya a mataki. Ku juya bayansa: ƙafafu 12 ne a zagaye, da ƙafa ɗaya ko fiye a tsakiya. Ta tsakiyar ita ce uwa, ita ke haɗe da ɗan ƙarfen da ke zagayawa a ciki yana taɓa sauran ɗaya bayan ɗaya. Uwa ɗaya, matakai 12. Uwa biyu, shida-shida. Uwa uku, huɗu-huɗu. A ƙarƙashin notin akwai wata 'yar wosha mai haƙori. Ramin da kuka sa haƙorin shi ke ƙayyade inda makunnin zai tsaya.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne abin da ke faruwa a tsakanin mataki da mataki. Wani makunnin yakan kama ƙafa ta gaba kafin ya saki ta baya. Wani kuma sai ya saki, sannan ya kama. A ido duk ɗaya suke, a kunne kuwa ba haka ba.

Mu ɗauki makunnin canza okteb, wato tazarar da ke tsakanin wani sauti da mai ninkin kaifinsa. Yawancin sintesaiza, wato na'urorin haɗa sautin kiɗa da lantarki, na bin ƙa'idar volt ɗaya ga kowane okteb. Sai a jera rizisto (masu rage gudun lantarki) biyar masu 10k, wato ohm dubu goma, tsakanin volt 5 da ƙasa, wato volt sifiri, a kai kowace mahaɗa ga ƙafa ɗaya: matakai shida ke nan, daga sifiri zuwa biyar. A nan ina zaɓen mai kamawa kafin ya saki, domin in uwar ta zauna ba ta taɓa komai, ko na ƙiftawar ido ne, sauti zai yi tsalle inda ba a aike shi ba. Kuma kada ku yi rowa wajen rizisto. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a volt ɗaya milivolt 10 ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin goma na rabin murya (kashi ɗaya cikin sha biyu na okteb), kunne kuwa yana ji. Ku nemi masu kuskuren da bai wuce 0.1% ba. Volt biyar ɗin ya fito daga abu mai ba da volt tsayayye irin LM4040, sannan uwar ta bi ta TL072, wani ɗan cif da zai tsaya a tsakani, kafin ta isa osileta, wato sashen da ke samar da sautin, don kada a ja wa jerin nauyi.

In kuwa zaɓi za ku yi tsakanin siffofin sauti, mai kusurwa huɗu, mai haƙorin zarto da mai kusurwa uku, sai ku ɗauki mai saki kafin kamawa, kada mafita biyu su yi karo.

Girma ma abin dubawa ne. A Eurorack, wato tsarin sintesaiza da ake harhaɗawa sashe-sashe, ma'aunin faɗin faranti shi ne HP, kuma HP ɗaya milimita 5.08 ne, manyan makunnan nan kuwa na cin wuri, sai ku auna faɗi da zurfi kafin ku huda faranti. Sandar murɗawa akwai mai milimita 6, akwai mai 6.35.

Kafin dalma ta taɓa ko ƙafa ɗaya, ku ɗauko maltimita, wato mitar gwada lantarki, ku sa ta inda take ƙara in tsinkayenta biyu sun haɗu. Tsinke ɗaya a kan uwa, ku mayar da makunnin can ƙarshen hagu, ku nemo da ɗaya tsinken ƙafar da ta sa mitar ƙara, ku yi mata alama. Ta bayansa kuke kallonsa, saboda haka jerin a juye yake. Ni kaina na taɓa haɗa nawa har okteb na sauka ina murɗawa dama, sai da na kwance wayoyi shida na sake.